Buguwa Ce Ta Jawo Wa Ɗana Sankarar Ƙashi?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 15 ya bugu a gwiwa wajen ƙwallo. Wata biyu ke nan ciwon bai lafa ba, ga kumburi. An ɗauki hoto, an ce ana zargin sankarar ƙashi. Buguwar ce sila? Kuma dole sai an yanke ƙafar?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Buguwa ba ta haifar da sankara. Idan sankarar ce, tana nan tun kafin ranar, buguwar ce kawai ta sa aka kula da wurin.

A shekarunsa, wadda aka fi gani ita ce ostiyosakoma. Daga ƙwayoyin da ke gina sabon ƙashi take tasowa, shi ya sa ta fi kama matasa lokacin da suke yin tsayi, kuma ta fi son inda ƙashi ke saurin girma: ƙarshen ƙashin cinya da saman na ƙwauri, wato kewayen gwiwa. Ciwonta yakan tsananta da dare, hutu kuma ba ya kawar da shi. Akwai wata mai kama yara, sakomar Ewing, wadda likita James Ewing ya bayyana a 1921. Ita tana jin maganin gashi da na'ura (wato ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi), ostiyosakoma kuwa ba ta cika ji ba.

Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an ciro ɗan tsoka daga kumburin an duba. Ina jaddada cewa a yi wannan a cibiyar da za a yi tiyatar, domin idan aka tsaga ba daidai ba, ana iya rasa ƙafar da da an ceto. Za a ɗauki hoton ƙirji ma, saboda cutar ta fi yawan yaɗuwa zuwa huhu.

Batun yankewa, ba dole ba ne. Kafin shekarun 1970 yankewa kawai ake yi, amma duk da haka waɗanda ke rayuwa ba su wuce 2 cikin 10 ba, don ƙwayoyin cutar sun riga sun shiga jini. Yanzu ana fara kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, na kimanin mako 10, a cire ɓangaren ƙashin da ya kamu a maye shi da ƙarfe, sannan a ci gaba da kemo. Idan ba ta yaɗu ba, kusan 6 zuwa 7 cikin 10 suna wuce shekara 5 da rai. Galibi sai kumburin ya naɗe manyan jijiyoyi ake komawa ga yankewa.

Kafin ranar gwajin, kada a matsa wurin, kuma ya rage taka ƙafar, don ƙashin na iya karyewa.