Amsa Ga Ɗan Ƙanwata Kan Rage Wa Mai Ƙyanda Abinci

Ɗana, ka tambaye ni game da al'adar tsofaffinmu na Birni a nan Damagaram, wato rage wa mai mura ko ƙyanda abinci a bar shi da kunu, kana son sanin ko abin da ka ji, cewa yunwa tana sa jiki ya share kansa, ya gaskata su.

Abin da ka ji yana da tushe. Kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu tana tattara abin da ya lalace a cikinta, ta naɗe shi a wata ƴar jaka, ta kai shi sashen da ke narkarwa, sannan ta sake amfani da abin da ya narke. Christian de Duve, ɗan Beljiyam, shi ya raɗa wa aikin suna "autophagy", wato cin kai, a 1963, kuma Yoshinori Ohsumi na Japan ya sami kyautar Nobel a 2016 saboda gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi. Yunwa kuwa tana ƙara masa ƙarfi.

Inda lamarin ya fi ba ni mamaki shi ne wajen bairos, domin shi cikin ƙwayar halitta yake ɓuya yana hayayyafa, alhali wasu masu gadi, wato sinadaran jiki da ke gane shi, suna zaune ne cikin sashen narkarwa. A 2007, Akiko Iwasaki da abokan aikinta a jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa, a wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, jakar nan ce take kwaso guntayen bairos ta kai wa mai gadi, kamar yadda ake kai kayan ɓarawo gaban mai unguwa. Da ya gane su sai a saki sinadarin intaferon, wanda ke faɗakar da sauran ƙwayoyin su shirya.

Sai dai wannan aiki yana gudana ko mutum ya ƙoshi, kuma bairos ɗin shan inna ma da irin waɗannan jakunkuna yake amfani wajen yaɗuwa. Saboda haka binciken bai ba kowa izinin hana majinyaci abinci ba, ƙyanda kuwa ta fi kashe yaron da tamowa ta riga ta raunana. Kunun da iyayenmu suke damawa ka riƙe shi, gama yana da sauƙin haɗiya kuma yana mayar da ruwan jiki, amma a ƙara masa madara ko gujiya, uwa ta ci gaba da ba da nono, a kai yaron asibiti a ba shi bitamin A. Ƙannensa kuma a yi musu rigakafi da zarar sun cika wata 9.