Shin Karatun Boko Wauta Ne a Gaban Allah?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu ta karatun likitanci. Da na je gida hutu, wani dattijo a ikilisiyarmu ya kira ni gefe, ya karanta mini 1 Korantiyawa 3:19, inda aka ce hikimar duniyan nan wauta ce a wurin Allah, sannan ya gargaɗe ni cewa yawan karatu zai raba ni da bangaskiya. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin irin karatun da nake yi ne Manzo Bulus yake nufi?

Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Ɗana, ba karatunka yake nufi ba, amma kada ka yi saurin watsar da maganar dattijon, domin ayar da ya karanta maka tana da nauyi, sai dai ya ɗora ta a inda ba wurinta ba.

Bulus ya zauna a birnin Koranti na ƙasar Girka shekara ɗaya da rabi, yana sana'ar ɗinkin alfarwa tare da Akila da Biriskila, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18 ya nuna. Bayan ya bar su, labari ya iske shi a Afisa cewa ikilisiyar ta rabu gida-gida, wasu suna cewa su na Bulus ne, wasu na Afolos mai wa'azi, wasu kuma na Kefas, wato Bitrus. Mutanen wannan birni suna girmama gwanintar baki ƙwarai, har ana auna malami da yawan mabiyansa da iya jan hankalin taro, sai masu bi suka shigo da wannan ma'auni cikin ikilisiya suna taƙama da shi. Wannan fahariya ce Bulus ya kira hikimar duniya. Abin da ya kafa a gabanta shi ne gicciye, wanda a mulkin Romawa hukunci ne na bayi da 'yan tawaye, a wurin Yahudawa kuma alamar la'ana ce bisa ga Maimaitawar Shari'a 21:23. Ba wani mai dabara da zai zauna ya ƙirƙiro cewa ceto zai zo ta irin wannan mutuwa ta wulaƙanci, shi ya sa Bulus ya ce a wasiƙarsa, a 1 Korantiyawa 1:25, abin da ake gani kamar wautar Allah ya fi hikimar mutane.

Ka duba kuma wanda ya rubuta wasiƙar. Bulus almajirin Gamaliyel ne, babban malamin Shari'a, kuma da ya tsaya wa'azi a Atina ya kawo maganar mawaƙan Girkawa ya kafa hujja da ita. Abokin tafiyarsa Luka likita ne, irin sana'ar da kake koyo. A cikin wannan wasiƙa ɗin dai, a 14:20, ya ce musu kada su zama yara a tunani.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan batu shi ne, waɗanda Littafi Mai Tsarki ya kira wawaye yawancinsu mutane ne masu wayo. Nabal na 1 Sama'ila 25, wanda sunansa a Ibrananci yake nufin wawa, yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000, kuma dolo ba ya tara irin wannan dukiya. Laifinsa shi ne ya raina Dawuda, ya hana abinci ga mutanen da suka kare masa makiyaya a jeji. Kalmar nan ta nabal ce kuma aka yi amfani da ita a Zabura 14:1 game da wanda ya ce a zuciyarsa ba Allah. Haka manomin nan na Luka 12, da gonarsa ta yi albarka har ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya: lissafinsa na hatsi daidai ne, amma bai sa Allah ko maƙwabci a cikin lissafin ba, kuma a daren nan aka nemi ransa. Saboda haka ne Karin Magana 9:10 ta ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima, wato tushen da ake ɗora sauran sani a kansa.

Haɗarin da dattijon ya hango yana nan, amma ba a cikin littattafanka yake ba. Zai zo ne ranar da za ka sa farar riga, ka fara ganin tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta jin Turanci kamar ba mutum ba ce, ko ka ji ka fi ƙarfin zama a ƙarƙashin wa'azin faston da bai kai ka karatu ba. Shawarata ita ce, idan ka koma gida hutu na gaba, ka je ka gaida dattijon da ladabi, ka roƙe shi ku karanta surori huɗu na farko na wasiƙar tare, daga farko har ƙarshe, ka kuma nemi ya sa ka a addu'a kafin ka koma makaranta.