Ku Tambaya Mu Amsa: "Na ji a jikina" ba hujja ba ce

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. An ba mu aikin nazarin yadda kafafen yaɗa labarai ke nuna rukunonin jama'a. Ni a raina na san ba a yi wa mata da talakawa adalci, amma malaminmu ya ce "na ji a jikina" ba hujja ba ce. Ta ina zan fara?
Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yata, malaminki ya yi gaskiya, ko da ta yi miki ɗaci.

Bari in fara da wasu hotuna biyu. A 2005, da guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans a Amurka, an ɗauki hoton wani saurayi baƙar fata, ruwa har ƙirji, yana janye da kaya. Aka rubuta a ƙasa cewa wasoso ya yi a kanti. Wani hoton kuma, fararen fata biyu ne a cikin ruwan da kaya a hannu, sai aka ce samo kayan suka yi. Kalma ɗaya ta mai da wannan ɓarawo, ta bar waɗancan a matsayin bayin Allah da bala'i ya ritsa da su. To amma kada ki yi saurin tafi. Kamfanonin dillancin labarai biyu ne daban suka fitar da hotunan, kuma kowane mai ɗaukar hoto ya ce abin da idonsa ya gani ya rubuta. Idan misali guda kika riƙe, mai gardama zai kayar da ke nan take.

Shi ya sa ake ƙirge. Wani mai bincike ɗan Amurka, Martin Gilens, ya bi hotunan talakawa a manyan mujallun Amurka uku, ya fitar da sakamakon a 1996: kashi 62 cikin ɗari baƙar fata ne, alhali a zahiri kashi 29 ne kawai na talakawan ƙasar. Babu hoto ko ɗaya da za ki ce ƙarya ne. Maimaicin ne ya yi ƙaryar.

Batun mata ma an ƙirga. Wani shiri na duniya da ke bibiyar labarai duk shekara biyar ya gano a 1995 cewa kashi 17 na mutanen da ake ji ko ake gani a labarai mata ne. A 2020 abin ya kai 25. Tafiyar hawainiya.

Saboda haka nemi littafin rubutu, ki zaɓi kafa ɗaya da rukuni ɗaya, ki bi su mako biyu ba fashi. A kowane labari ki duba: shin mutumin da kansa ya yi magana, ko wani ne ya ari bakinsa ya ci masa albasa? An kira shi da sunansa da sana'arsa, ko "wasu mutane" aka ce? Wane aikatau aka liƙa masa, "ya bayyana" ko "ya yi iƙirari"? Wanda na fi so ki sa wa ido shi ne ƙabila da addini: yaushe ake ambatonsu? Ni kaina na taɓa sa ƙabilar wanda ake zargi a kanun labari, washegari wani ɗan ƙabilar ya ci kyautar ilimi ban ambace ta ba, ban kuma lura ba sai da abokin aikina ya ɗora shafukan biyu gefe da gefe a gabana.

Ki bar shafi ɗaya na ranakun da rukunin bai fito ba ko kaɗan. Su ma ki ƙirga su.