Hukuncin koyon ɗaukar hoto a fili da gilashi mai zuƙo nesa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Kano. Wata huɗu ke nan da na sayi tsohuwar kyamara, ina koyon saita ƙofar haske da saurin marufi da ISO (ƙarfin jin hasken kyamara), da yadda ake tsara abin da za a ɗauka. Ina fita da sassafe da kuma yamma saboda hasken lokacin ya fi taushi, ina ɗaukar itatuwa da tsuntsaye da dawakin hawan sallah da jama'a a kasuwa. Kwanan nan na samu gilashi mai milimita 300, nakan hau Dutsen Dala in zuƙo mutane daga nesa ba tare da sun sani ba, domin mai koya mini ya ce hoto ya fi kyau idan mutum bai san ana ɗaukarsa ba. Wasu hotunan nakan sa su a Instagram. Wani abokina ya ce duk wannan haramun ne, masu yin hoto su ne mafi tsananin azaba ranar alƙiyama. Shin in bar abin ne ko in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya tun kana farkon hanya. Koyon wannan sana'a halal ne, kuma ɗaukar itatuwa da duwatsu da gine-gine da sararin sama babu mai ja a kansa, domin Ibn Abbas ya yi wa mai sana'ar zane izinin abin da ba shi da rai. Saura maganar masu rai, wadda abokinka ya tayar, da kuma wata magana da ka ambata a tsakiyar tambayarka ka wuce, wadda ita ce ta fi damuna.

Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma manyan malamai irin su Sheikh Ibn Baz da Sheikh Albani, waɗanda duka suka rasu a 1999, sun tafi a kan cewa hoton kyamara ya shiga cikinsa, sai dai abin da lalura ta tilasta kamar fasfo da katin shaida. Ra'ayi ne na masu ilimi da tsoron Allah, kuma wanda ya bi shi don tsantseni ya kyauta. Sai dai ni ban gamsu da shi ba, kuma zan gaya maka dalilina.

Abin da hadisan suka ɗora azabar a kansa shi ne kwaikwayon halittar Allah, shi ya sa za a ce wa masu yin surar su raya abin da suka halitta. Mai sassaƙa da mai zane su ne suke ƙaga hanci da ido da leɓe da hannunsu, kowane layi daga gare su ya fito. To kai da kake koyon kyamara ka fi ni sanin abin da hannunka yake yi. Idan ka tsaya a ranar tsaka ka sa ISO a 100, ka matse ƙofar haske zuwa f/16, ka bar marufi ya buɗe na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, abubuwa uku kawai ka zaɓa: faɗin ƙofar da haske zai shiga, da tsawon lokacin da zai shiga, da ƙarfin jin farantin da zai karɓe shi. Babu ɗaya a cikinsu da ya zana ido ko kunne. Hasken da ya sauka a fuskar mutumin ya dawo, shi ne ya ratsa gilashi ya zauna, kamar yadda yake zama a madubi ko a kan ruwan randa. Wannan ne ya sa Sheikh Muhammad Bakhit al-Muti'i, tsohon muftin Masar da ya rasu a 1935, ya kira aikin da tsare inuwa, ya kuma halatta shi.

Masu haramtawa sukan ce surar madubi tana gushewa, ta kyamara kuwa tana dawwama. Amsar ita ce dawwama ba ita ce illar hanin ba. Malamanmu na Malikiyya sun rinjayar da haramcin gunki mai inuwa ko da an yi shi da abin da ba ya daɗewa, irin ɓawon kankana, wanda ke nuna cewa laifin yana cikin ƙagawar, ko abin ya kwana ko bai kwana ba. Sukan kuma ce hoton kyamara ya fi zane kama da mai shi, saboda haka kwaikwayon ya fi tsanani. Sheikh Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya ba da misalin da ya warware wannan: idan aka sa wasiƙar mutum a na'ura aka fitar da kwafinta, kowa zai ce rubutun mai wasiƙar ne, ba na mai na'urar ba. Kamar da hoton yake yi da mai shi ta yi yawa ne don halittar Allah ce da kanta ta bayyana, ba wata aka yi a gefenta ba. Amana ce in gaya maka shi Sheikh ɗin bai yarda da ajiye hotuna don tunawa kawai ba, kuma ya ɗora hukuncin a kan manufar ɗaukar. Hujjar masu haramtawa ta uku ita ce sunan, wai tunda ana ce masa sura to nassin ya haɗa da shi. Amma sunan da mutane suka sa wa abu bayan ƙarnuka ba ya jawo masa hukuncin da aka saukar a kan wani abu daban, ana duba haƙiƙar aikin ne. Bayan duk wannan, a mazhabar Imamu Malik da muka tashi a cikinta, kamar yadda Sheikh Dardir ya fayyace a babin walima, haramun shi ne surar mai rai da take da inuwa kuma gaɓoɓinta cikakku ne, ita kuwa shimfiɗaɗɗiya a bango ko a takarda iyakarta karhanci, ko da da hannu aka zana ta. Saboda haka bai dace abokinka ya rataya maka wannan narkon ba. Tsuntsayenka da dawakinka ka ci gaba da ɗauka. Rataye hotunan manya a ɗaki don girmamawa kuwa ka nisance shi, haka ma sauya kamannin mutum a kwamfuta, domin a nan hannunka ya koma yana ƙagawa, kuma hujjar da na kawo maka ba ta kare wannan.

Yanzu mu koma kan Dala da gilashin nan naka. Duk wanda ya taɓa hawa dutsen ya san abin da ke ƙarƙashinsa: gidajen cikin gari ne, tsakar gidansu a buɗe take ta sama, wasu ma makewayinsu ba rufi. Ido tsura daga can ba ya ganin komai sai motsi, amma gilashi mai milimita 300 yana kawo maka matar da ke wanke-wanke ba mayafi kamar kana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta. Maigidan ya gina katanga, ya yi zaure, ya hana ko abokinsa wuce shi, kai kuma ka shigo masa ta sama. Wannan haramun ne ko da ba ka danna maɓalli ba, domin leƙen da kansa shi ne laifin. Lokacin da wani mutum ya leƙa ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wata kafa, Annabi ya gaya masa da ya san yana kallonsa da ya tsokane masa ido da abin da yake susar kai da shi, sannan ya ce an shar'anta neman izini ne saboda gani. Idan an faɗi haka a kan kafar ƙofa, ina ga na'urar da ke leƙawa, ta ajiye abin da ta gani, sannan ta watsa shi ga dubban mutane? Duk hoton da ke wurinka wanda cikin gidan wani ya fito a ciki, ka goge shi yau daga kyamara da waya da Instagram, ka nemi gafarar Allah. Idan za ka sake hawa, ka hau da gajeren gilashi ka ɗauki faɗin gari da fitowar rana.

Mutanen kasuwa da na kan hanya hukuncinsu ya fi sauƙi. Hoton taro mai faɗi, wanda ba a ware kowa a cikinsa ba, babu laifi. Amma idan ka buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8 ko f/4 don bayan mutum ya dusashe fuskarsa ta fito ita kaɗai, ka mayar da shi abin kallo, kuma izininsa ya zama wajibi kafin ka watsa. Mace baliga ba ka ware ta haka, yaro sai da yardar waliyyinsa. Ina kuma roƙonka musamman game da almajirai da mabarata da masu naƙasa, domin masu koyo suna yawan fara gwaji a kansu saboda ba su da mai tsaya musu. Talaucin mutum bai zubar masa da mutunci ba.

Maganar mai koya maka tana da gaskiya ta fuskar sana'a, mutum yakan sandare idan ya ga kyamara. Maganinsa shi ne ka sa gilashi mai milimita 50, ka je wurin marini a Ƙofar Mata ko maƙeri, ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne, ka nemi izini, sannan ka zauna. Bayan ɗan lokaci zai manta da kai ya koma kan aikinsa, ka samu hoton da kake nema da yardarsa, ka nuna masa, idan da hali ka wanke ka kai masa. Ka gaya wa malamin naka wannan cikin ladabi.

Na kuma lura da lokutan fitarka. Hasken nan mai taushi na yamma yana faɗowa ne tsakanin la'asar da magariba, kuma mai jiran rana ta sauka daidai inda yake so yana iya jin kiran salla ya ce bari in ƙara ɗaya. Ka yi la'asar cikin jam'i kafin ka fita, ka fita da alwala, kuma ka san masallacin da ke kusa da inda za ka tsaya. Ranar hawan sallah, idan ka sa marufi a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa don tsayar da sukuwa a hoto, ka tsaya inda dogarai suka tsayar da jama'a, domin idon da ke cikin kyamara ba ya ganin dokin da ke tahowa ta gefe.

Wallahu a'alam.