Amsa ga mai tambaya kan koren shayi da kansar bututun maɗaciya

'Yar'uwa sannu da jinya, Allah Ya ba Inna lafiya. Kin ce ko ki sayo mata ƙwayoyin koren shayi tunda kin ji wai suna kashe kansar bututun maɗaciya, to wanga ciwo shi ya kwantar da kawuna a Argungu, ni na yi ta zirga-zirga da shi.

Kawu mutum ne da ataya ba ta wuce shi, kullum bayan la'asar buta na kan gawayi a ƙofar shago, na ɗaya, na biyu, na uku duk sai ya sha, shekara da shekaru, kuma ataya ai koren shayin ne na Sin. Bai hana ciwon zuwa ba. Idanunsa suka koma rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ya kwana a buta, bayan gida fari-fari, ga ƙaiƙayi har ya kakkarce ƙwaurinsa da tsinken tsintsiya. Mu kuma muka ce shawara ce, muka yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe kusan wata biyu, wallahi har yau abin na ci min rai. Sai da muka kai shi Sakkwato aka ɗau hoto aka ga ƙari ne ya toshe hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji.

Maganar da kika ji ba ƙarya ce zalla ba. Akwai sinadari a ganyen da ake kira EGCG, an gwada shi kan ƙwayoyin kansar a ɗakin bincike da jikin ɓeraye an ga yana rage musu yaɗuwa. Amma fa ɓera daban Inna daban, ba a tabbatar yana warkar da mutum ba, kuma kaɗan ne ke shiga jini in an sha. Ƙwayoyin koren shayin kuwa su nake tsoro, don a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce daga miligiram 800 na EGCG a rana yana iya taɓa hanta, ke kuma hantar Inna tana cikin wahala dama.

Ki tambayi likitanta ko tiyata za ta yiwu, in ba ta yiwuwa ko za a sa mata ɗan bututun nan da ke buɗe hanyar, sannan maganar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, galibi jemsitabin da sisplatin ake haɗawa. Ki tafi da duk abin da take sha a leda ya gani, har na gargajiya, kar ki ji kunya.

Shi kawu da aka sa masa bututun, cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayin ya lafa ya samu barci, yana farkawa kuma atayarsa ya tambaya. Likita ya yi dariya ya ce a ba shi kofi ɗaya ko biyu, sai dai a raba shi da lokacin maganin ƙarin jini don shayi na hana jiki ɗaukarsa.