Ma'anar "kick off" da inda ake amfani da shi

Malam ka tambaya me ake nufi da "kick off" da kake yawan gani a jaridun Turanci, ko shuri ne da ƙafa. A'a ba shuri bane, farawa ne kawai. Daga ƙwallo ya samo asali, wannan bugun farko da ake yi a tsakiyar fili da zarar alƙalin wasa ya busa usur, shi yasa zaka ga an rubuta "the match kicks off at 4pm" wato ƙarfe 4 za'a take wasa. Daga nan aka ja shi zuwa duk wani abu da ake buɗewa a gaban jama'a, taro ne ko kamfen ko gangamin rigakafi, sai kaji "the campaign kicked off in Kano", a Kano aka ƙaddamar kenan.

Inda mutanenmu suke yawan tuntuɓe shine in "it" ya shigo, dole ya zauna a tsakiya, "kick it off" ake cewa ba "kick off it" ba. Kuma don Allah kar kasa shi wajen tada janareta ko mota, wannan "start" ne. Kafa kasuwanci "set up", kama hanyar tafiya "set off".

Shi dai "kick off" maganar hira ce da ta 'yan jarida, in takardar neman aiki kake rubutawa gara kasa "begin" ko "commence". A Ingila kuma in kaji matasa sunce "it kicked off" a bakin titi, to rigima ce ta ɓarke.