Shin gwamnati za ta ci haraji a gonar gadonmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mahaifinmu yana da gona kimanin hekta 12, akasarinta tudu, sai ɗan yanki na fadama. Ya manyanta, yau lafiya gobe ciwo. Matansa biyu, mu 'ya'yansa tara ne a raye, maza biyar mata huɗu, akwai kuma yayanmu da ya rasu ya bar yara uku. Ni kaɗai na zauna a gida ina noma tare da shi, har na haƙa rijiyar burtsatse na sayi injin ban ruwa da kuɗina. Mun ji ana cewa sabuwar dokar haraji ta shigo da harajin gado, mun kuma ji a rediyo manoman Ingila suna zanga-zanga kan irin wannan. Shin za a cire wani abu daga gonar in ta Allah ta kasance? Kuma yaya za mu yi kada gonar ta tarwatse a hannunmu? Daga wani manomi a yankin Soba, jihar Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Ka kwantar da hankalinka kan tambayar farko: babu harajin gado a Najeriya a yau. An taɓa yin dokarsa a 1979, a ƙarshen mulkin soja na Janar Obasanjo, aka soke ta a 1996, kuma ba a maido da ita ba. Maganar ta sake tasowa ne a watan Oktoban 2024, lokacin da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisar tarayya ƙudirori huɗu na garambawul ga haraji. A ciki akwai sashen da ya yi magana kan kuɗin shigar iyali, wato ribar da dangi ke samu daga dukiyar da suka yi tarayya a kanta ba a tantance rabon kowa ba. Malamai da 'yan majalisa da dama daga Arewa suka fahimci cewa hannu ake son sawa a gado. Shugaban kwamitin da ya tsara ƙudirorin, Taiwo Oyedele, ya musanta, majalisa kuma ta gyara lafazin sashen kafin ta amince. An sa wa dokokin hannu a watan Yunin 2025, dokar harajin ta fara aiki a Janairun 2026. Ban ga laifin waɗanda suka tsorata ba. Dattawanmu ba su manta da ushira ba, kashi ɗaya cikin goma da kotunan alƙalai ke cira daga dukiyar mamaci a zamanin En'e.

Na Ingila kuwa nasu ne. Can harajin gado kashi 40 cikin ɗari ne a kan abin da ya haura wani adadi, amma an daɗe da ɗauke wa gonaki. A kasafin Oktoban 2024 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ce daga Afrilun 2026 wannan sassauci zai tsaya a kan fam miliyan ɗaya, abin da ya haura a biya kashi 20. Shi ya sa manoma suka cika titunan Landan da taraktoci. Gonar Soba ba ruwanta da wannan.

Abin da za ku biya shi ne kuɗin kotu in ita ta yi rabon, kuma kowace jiha da ƙa'idarta, don haka duk abin da aka karɓa ku nemi rasit. Sai kuɗin awo da na takardu. In wani magaji ya sayar da kasonsa ya ci riba, ribar tana shiga lissafin kuɗin shigarsa, kamar yadda kuɗin hayar gona ke shiga. A sabuwar doka naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Iyakarta ke nan.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, don a abin da nake gani a kotu ba gwamnati ce ke cinye gonakin gado ba. Shiru ke cinye su, da jinkiri, da kunyar yi wa uba maganar mutuwa yana raye.

Bari mu yi lissafi da gidanku yadda ka bayyana shi, a bisa cewa iyayen Baba sun rigaye shi. Bayan an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya in akwai, matan biyu za su raba tumuni, ɗaya bisa takwas, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta yanke. Sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Lissafin gidanku ya zo da sauƙi: gonar za ta kasu gida 16, kowace mata kaso ɗaya, kowace 'ya kaso ɗaya, kowane ɗa kaso biyu. A ƙasa, ɗa namiji zai tashi da hekta ɗaya da rabi, mace da kashi uku bisa huɗu na hekta. Gona ɗaya ta zama 11. Kuma hekta ba daidai take da hekta ba: wa zai ɗauki fadamar, wa zai ɗauki bakin hanya, rijiyar a kason wa za ta faɗa, ɗorawa da tsamiyar da ke tsakiya fa?

Wannan rabo Allah ne ya yi shi, babu lauyan da zai ba ka dabarar kauce masa, wanda ya ce zai ba ka kuwa ka guje shi. Amma shari'a haƙƙi ta raba. Ba ta ce dole sai an ja igiya an kafa turaku a gona ba. Magada suna iya sanin kasonsu a rubuce, kowa da adadinsa cikin 16, su bar ƙasar a haɗe, mutum ɗaya ya noma, ya biya sauran kuɗin haya ko a raba amfani bisa yarjejeniya. Gandu ne dai irin na iyayenmu, sai dai wannan karon da takarda, kuma mata suna ciki. Ka lura da abu biyu. Na farko, wannan zama na yarda ne. A mazhabar Malikiyya duk ranar da wani magaji ya nemi a fitar masa da nasa a abin da ke rabuwa, alƙali zai fitar masa. Na biyu, zaman tarayya yana ba ku haƙƙin shuf'a: in ɗayanku ya sayar wa bare kasonsa tun ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da ikon karɓe shi a kan kuɗin da aka saya. Amma wanda ya sani ya yi shiru har shekara ta zagayo, haƙƙinsa ya faɗi, kuma da zarar an kafa iyakoki babu sauran shuf'a. Wanda ke buƙatar kuɗi, hanya mafi tsafta ita ce a yi wa kasonsa kuɗi a farashin kasuwa, 'yan'uwa su saya, ko da biya biyu ko uku ne bayan kaka.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne irin zaman nan na “a bar gona a hannun babban wa” ba tare da an tantance komai ba. Shekara goma, ashirin, magada suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kason kowanne yana sake rabuwa tsakanin matansa da 'ya'yansa, har a wayi gari mutum hamsin suna da haƙƙi a gonar da ba wanda ya san iyakarta sai dattijon da ya rasu bara.

Yanzu batunka kai. Shekarun da ka yi kana noma ba sa ƙara maka ko taku ɗaya a gado, kuma Baba ba zai iya yi maka wasiyya ba, don babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince. Rijiya da injin kuwa, in ba a rubuta ba, ranar rabo za a lissafa su cikin dukiyar mamaci, kai kuma a ce ka kawo shaida. Tun yau Baba ya yi iƙirari a gaban shaidu cewa injin naka ne, kuɗin rijiya kuma bashi ne a kansa ko kyauta ce ka yi masa, duk wanda ya zama gaskiya. Ka ajiye rasit.

In yana son ya saka maka da wani yanki, kyauta ce hanyar, kuma a nan mutane suka fi zamewa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta uba ya ba wani ɗansa wani abu daga dukiyarsa, sun karhanta ya ba shi duka, kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka fifita shi da ita, ya isa gargaɗi. Sharaɗin da ke rushe yawancin kyaututtuka a kotu shi ne karɓa. Dole wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa, mai bayarwa ya janye nasa hannun, tun yana da lafiya, shaidu kuma su gani da idonsu. Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha kyautar dabino daga gonarsa, ba ta kai ga karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya gaya mata cewa yanzu ya zama dukiyar magada. Saboda haka “ai Baba ya ce ya ba ni” ba hujja ba ce, matuƙar shi ya ci gaba da noma wurin yana zuba amfanin a rumbunsa. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka. Tunda ka ce yau lafiya gobe ciwo, kada a ja lokaci.

'Ya'yan marigayi yayanku ba su da gado a dukiyar kakansu, domin ku baffanninsu kun katange su. Wannan yana yi wa mutane ɗaci, amma maganinsa yana hannun Baba: tunda ba magada ba ne, yana iya yi musu wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, wato har hekta huɗu in gonar ce kaɗai dukiyarsa. Da ni ne shi, zan ba su gwargwadon abin da mahaifinsu zai samu da yana raye. Masar ta mayar da irin wannan wasiyya wajibi a dokarta tun 1946. A kotunanmu ba haka ba ne, in bai yi ba, ba mai yi masa. In kuma akwai ƙananan yara a cikinku, ya naɗa musu wasiyyi amintacce, kuma ku sani babu mai ikon yafe kason maraya.

Haka 'yan'uwanka mata. Al'adar “mace me za ta yi da gona, ai tana gidan miji” cin haƙƙi ne, ko an lulluɓe shi da sunan zumunci. Mace tana iya yafewa ko sayarwa, amma bayan gadon ya tabbata, ta san adadinsa da darajarsa, ba a tsakiyar zaman makoki ana kallonta ba. Ku kuma bincika ko cikin hekta 12 ɗin nan akwai gonar da ɗaya daga cikin iyayenku mata ta gada a gidansu Baba yake nomawa, ko wadda ya karɓa aro ko jingina, ko tasa da ya jinginar. Irin waɗannan su ake fara warewa, kuma shi kaɗai ya san su da kyau.

Ta fuskar dokar ƙasa, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi, kuma yake gadarwa, haƙƙin zama da amfani ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar wannan haƙƙi, har hekta 500 don noma, gwamna kuma yana ba da takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O, wadda a jiharku ake nema ta hukumar rajistar filaye ta jihar, KADGIS. Sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewar wanda ya ba da takardar, kuma filin da ke da takardar gwamna ba a gutsuttsura shi bayan rasuwar mai shi sai da izinin gwamna. Shaidar mai unguwa da dagaci tana da amfani ƙwarai, amma mutum yana mutuwa, jema da gambar da aka dasa a kan iyaka kuma garma tana cinye su. Ku kira mai awon filaye (safiyo) mai lasisi ya auna gonar, maƙwabta suna tsaye, a fitar da taswira. Ita ce za ta yi muku magana ranar da hanya ko wani aikin gwamnati ya biyo ta wurin ana lissafin diyya.

Za ka ji wasu suna ba da shawarar a yi wa gonar rajistar kamfani, a riƙa gadon hannun jari maimakon ƙasa. Dabara ce mai kyau ga mai ɗaruruwan hekta da injina da ma'aikata. A hekta 12, kuɗin mayar da filin sunan kamfani da rahoton da ake kai wa hukuma duk shekara sun fi amfaninsa. Wakafi ga zuriya ma akwai shi, sai dai yana hana sayarwa ko da buƙata ta taso, wanda kuma aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata, fitacciyar magana a mazhabarmu ɓatacce ne.

Kada kai ka kai wa Baba wannan magana kai kaɗai, don kai ne mai amfana, 'yan'uwanka za su ce ka zagaye su. Ku sami limami ko aminin Baba ya buɗe masa zancen, a tara kowa har matan da ke gidajen aure, a zo da malamin da ya san ilimin rabon gado. A rubuta dukiya da basussuka, da wasiyyar marayu, da matsayin rijiya da injin, Baba da shaidu biyu adilai su sa hannu. In da hali a kai kotun shari'a ta yankinku a tabbatar da takardar, sannan kowane ɗaki ya riƙe kwafi ɗaya.